Garkida Da Baƙin Da Suka Sauka A Gindin Tsamiya

Wannan jawabi ne da aka shirya domin a karanta wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata.

 

Jawabin wannan wata a kan wani gari ne mai suna Garkida. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Gombi ta Jihar Adamawa, a bakin kogin Hawul. Wanda ya haye kogin ya taka ƙasar Barno. Yawancin mutanen wurin Bura ne, kuma manoma ne kamarku. Suna noma dawa da gyaɗa da wake da auduga, suna kiwon awaki da tumaki. Ba babban birni ba ne, amma sunansa ya kai har Amurka. Dalili kuwa shi ne wasu baƙi biyu da suka sauka a can a shekarar 1923.

Baƙin nan Turawan mishan ne, wato masu yawon yaɗa addinin Kirista. Ɗaya sunansa Stover Kulp, ɗayan kuma Albert Helser. Dukansu samari ne, ba wanda ya cika shekara talatin a cikinsu. Wata ƙungiya ce ta aiko su daga Amurka, ana ce mata Ikilisiyar 'Yan'uwa. Asalin ƙungiyar daga Jamus ne, a can aka kafa ta a 1708. Da aka matsa musu, sai suka yi ƙaura zuwa Amurka. Galibinsu manoma ne, mutanen ƙauye. An san su da ƙin zuwa yaƙi, da wanke wa juna ƙafa a wurin ibada don nuna tawali'u.

Sun sauka daga jirgin ruwa a Ikko a ƙarshen shekarar 1922. Suka shiga jirgin ƙasa zuwa Arewa. Inda dogo ya ƙare sai suka ci gaba a kan dawaki da ƙafa, 'yan alaro na ɗauke da kaya, har suka iso Biu.

To, a Biu suka so zama, amma abin bai yiwu ba. Ku tuna, lokacin nan mulkin Turawan Ingila ne. Tun da suka ci ƙasar Arewa sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addinin Musulunci ba. Saboda haka ba su cika barin 'yan mishan su zauna a ƙasar da sarkinta Musulmi ne ba. Biu kuwa tana cikin Lardin Barno, sarkinta Musulmi ne, ko da yake talakawan Bura da yawa a lokacin suna bin addinin kakanninsu. Aka yi ta kai da kawowa tsakanin baƙin da hukuma. Bature ne ke neman izini, Bature ne ke hana shi. A ƙarshe aka bar su su zauna can gefe, nesa da fadar sarki, a Garkida.

Ran 17 ga watan Maris, 1923, suka tara 'yan mutanen da ke tare da su a gindin wata tsamiya, suka yi addu'a, suka soma aikin gini. Ba coci, ba makaranta, ba asibiti. Inuwar tsamiya ce kawai.

Ba a daɗe ba matansu suka biyo su. Amma ƙasar ba ta karɓe su da sauƙi ba. Zazzaɓi da ciwon ciki suka yi ta kayar da su. A 1924 matar Kulp, mai suna Ruth, ta rasu, jaririn da ta haifa shi ma bai rayu ba. A nan Garkida aka binne su. Mijin bai tattara kayansa ya koma gida ba. Ya zauna a ƙasar nan har shekara arba'in. Da aka gina asibiti a garin sai aka sa masa sunan marigayiyar. A wannan shekara ta 1924 ne kuma likitansu na farko, Dokta Homer Burke, ya iso.

Yanzu ga wurin da ya fi shafar ɗaliban yaƙi da jahilci.

Kada wani ya ɗauka karatu da rubutu a ƙasar nan daga 'yan mishan suka faro. A'a. Ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, malaman Barno da na ƙasar Hausa suna karatu, suna rubutu da Larabci da ajami. Amma harshen Bura ba shi da littafi. A baki yake, daga uwa zuwa ɗa. Baƙin nan kuwa ba su jin ko kalma ɗaya. Don haka su ne suka fara zama 'yan makaranta, mutanen gari suka zama malamansu. Bature ya nuna dutse, a faɗa masa sunansa, ya rubuta. Ya nuna akuya, a faɗa masa, ya rubuta. In ya maimaita ya karkace baki, yara su fashe da dariya. Babban mutum mai digiri, ga shi yana koyon yadda ake cewa ruwa! Wanda ke jin kunyar zama a aji don ya ga furfura a gemunsa, to, ya tuna da wannan.

Da haka suka tara kalmomi, suka daidaita baƙaƙen boko da lafazin Bura, suka yi littafin koyon karatu. A 1925 aka buga Linjilar Markus da harshen Bura. Ba su ƙirƙiro wani sabon suna na Ubangiji ba. Sun tarar Bura na kiran Mahalicci da sunan Hyel, sai suka yi amfani da shi. Wannan aiki ana yawan jingina shi ga Turawan kaɗai, kuma ba a yi adalci ba. Kowace kalma da ke cikin littattafan nan daga bakin wani mutumin Bura ta fito.

Makaranta ma ba ta tafi sumul ba. Uba yana duban ɗansa, yana duban gona. Wa zai kori tsuntsu daga dawa? Wa zai bi awaki? 'Ya mace kuwa ga daka, ga ɗiban ruwa, ga raino. Bayan haka akwai wata damuwa da ta fi wannan girma. Makarantar mishan ba karatu kaɗai take koyarwa ba, da addini take tafe. Iyaye sun gane haka sarai, kuma ba su yi kuskure ba. Yaron da ya shiga aji yakan dawo gida ya ce ba zai yi tsafin gidansu ba. Magidanci mai mata biyu ko uku, in ya nemi shiga coci, sai a kawo masa maganar mata ɗaya. To, ina sauran za su? 'Ya'yansu fa? An yi ɓacin rai a gidaje da yawa a kan wannan. Shi ya sa sai da aka shekara huɗu, wato a 1927, kafin aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma.

Helser yana da ra'ayin cewa makarantar ƙauye ta dace da zaman ƙauye. Yaro ya koyi lissafi da kwandon gyaɗa, ya koyi karatu da tatsuniyoyin garinsu, ya koyi tsabtar rijiya da gyaran gona. Ra'ayi ne mai kyau. Har littafi ya rubuta a kai a 1934. Sai dai sunan da ya ba littafin ya kira mutanen da suka karɓe shi marasa wayewa. Haka yawancin Turawan zamanin suke kallon baƙar fata, har da waɗanda suka zo da niyyar taimako. A 1936 Helser ya bar Garkida ya koma wata ƙungiyar mishan.

Da yake su ma 'ya'yan manoma ne, sun sa hannu a harkar gona. Sun dasa itatuwan marmari, sun ƙarfafa noma da garmar shanu da zuba takin dabbobi. Wasu dabarun sun karɓu, wasu kuwa manomi ya duba ya ce tasa ta gado ta fi dacewa da ƙasarsa.

Amma abin da ya fi fito da sunan Garkida shi ne maganin kuturta.

A zamanin nan wanda kuturta ta kama ya shiga uku. Ba a cin abinci da shi, ba a ba shi aure, wani ma sai a yi masa bukka a bayan gari. A 1929 'yan mishan suka buɗe mazaunin masu wannan cuta a kusa da Garkida. Likitan da ya soma aikin, Dokta Russell Robertson, bai daɗe ba, ciwon shawara ya kashe shi a 1931. Wasu suka ɗora daga inda ya tsaya.

Wurin bai yi kama da asibitin da kuka sani ba. Gari ne guda. Marasa lafiya sun zo daga ƙabilu iri iri, ga Bura, ga Margi, ga mutanen Chibok, ga Fulani, ga Hausawa. Mutum yakan yi shekaru a wurin, don maganin lokacin ba shi da ƙarfi. Wani mai ne da ake samu daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya, ana yin allurarsa, ga zafi, ga jinkirin aiki. Saboda haka aka ba masu sauran ƙarfi gonaki suna nomawa. Aka yi musu makaranta. Mutumin da danginsa suka guje shi, ga shi ya riƙe alli da guntun yatsu yana koyon rubuta sunansa. Da yawa sun zo neman magani, suka koma gida da karatu. Wasu sun koma da sabon addini, har suka kafa coci a ƙauyukansu. Ta wannan hanya addinin Kirista ya shiga wurare da dama da ƙafar Bature ba ta taka ba.

Wajen 1950 aka sami ƙwaya mai suna dafson, wadda ta fi allurar man nan aiki nesa ba kusa ba. Wani likita, Dokta Roy Pfaltzgraff, ya shugabanci wurin daga 1954 har zuwa 1982. Likitoci daga ƙasashe dabam dabam suka riƙa zuwa Garkida koyon aikin kuturta a wurinsa. Ku duba fa, garin manoma ya zama makarantar likitoci.

A nan ya kamata a tsaya a ja kunne. Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tana warkewa. Yau ana haɗa magunguna ne a sha wata shida ko wata goma sha biyu, kuma kyauta ake bayarwa. Duk wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarsa, in an taɓa wurin ba ya ji, ya hanzarta zuwa asibiti. Jinkiri ne ke cin yatsu.

Daga Garkida aikin ya bazu. Aka buɗe tasha a Lassa cikin ƙasar Margi, da Marama, da Chibok. A 1952 aka kafa makarantun Waka kusa da Biu, inda aka horar da malamai masu yawa. Af, ga wani abin da ba kowa ya sani ba. Zazzaɓin Lassa da kuke ji a rediyo, daga wancan gari ya samo suna. Wata nas ta wannan mishan, Laura Wine, a can ta kamu da shi a 1969, ta rasu a Jos. Ɓera ne ke yaɗa cutar, don haka a riƙa rufe hatsi da abinci.

Bayan Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, al'amura suka sake. Kulp ya yi ritaya a 1963, ya rasu a Amurka a 1964. A 1972 ikilisiyar ta tsaya da ƙafarta a hannun 'yan ƙasa. Sunanta ma da Hausa yake, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a taƙaice EYN, don Hausa ce ke haɗa ƙabilun da ke cikinta. Hedkwatarta tana Kwarhi, kusa da Mubi. Yau mabiyanta a Nijeriya sun ninka na uwar ƙungiyar da ke Amurka. Makarantu da asibitocin mishan kuwa gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970.

A cikin waɗannan shekaru ne aka fito da wani shiri a Garkida mai suna Lafiya. An lura cewa yawancin cututtukan da ke kai mutane asibiti ana iya tare su tun daga ƙauye. Sai aka ce kowane ƙauye ya zaɓi mutanensa, namiji da mace, a kawo su Garkida a koya musu kiwon lafiya. Da yawansu ba su yi makaranta mai zurfi ba. To, yaya za a koya musu? Sai aka koma ga abin da kowa ya iya, wato labari. A shirya labarin wata uwa da ɗanta ya kamu da gudawa, da yadda ta haɗa ruwan gishiri da sukari ta cece shi. A mai da shi waƙa, a mai da shi wasan kwaikwayo. Ma'aikacin ya koma gida ya ba da labarin a dandali, ko a bakin rijiya. Masana kiwon lafiya a ƙasashen waje sun yi rubutu a kan wannan dabara ta Garkida.

Ƙarshen labarin akwai ɗaci. Rikicin Boko Haram ya yi wa wannan yanki mummunar ɓarna, bai bar Musulmi ba, bai bar Kirista ba. 'Yan matan Chibok da aka sace a 2014, yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A watan Oktoba na shekarar, mahara suka mamaye hedkwatar Kwarhi, ma'aikata suka gudu. Ran 21 ga Fabrairu, 2020, da yamma, suka shigo Garkida kanta. Suka ƙona coci coci da gidaje da kantuna, har da makarantar horar da ma'aikatan lafiyar karkara. Mutane suka kwana a kan duwatsu. Da ƙura ta lafa suka sauko, suka share toka, suka sake ɗora rufi. Da damina ta faɗi suka koma gona.

A watan Maris na 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara ɗari, ana lissafi daga ranar da baƙin nan biyu suka tsaya a gindin tsamiya. Tsohon mazaunin masu kuturta kuwa ya zama asibitin cututtukan fata na Jihar Adamawa.