Jabun Magani da Amanar da ke Wuyan Malami



Cikin kayan jabu da suka cika kasuwanninmu, daga man shafawa zuwa wayar lantarki, babu wanda ya kai jabun magani haɗari, domin shi rai yake ɗauka. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa, ko dai jabu ne ko marasa inganci. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutane sama da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa mutum 2,500 suka rasu sanadiyyar haka.

Ɓarnar tana shigowa ta ƙofa biyu. Wata ƙwayar babu komai cikinta sai alli ko sitaci, yaro yana sha zazzaɓin cizon sauro yana ci gaba da cinsa, iyaye kuwa hankalinsu kwance. Wata kuma akwai sinadarin, amma bai kai adadi ba, sai ƙwayoyin cuta su saba da shi, har a wayi gari sahihin maganin ma ya daina aiki.

An kafa hukumar NAFDAC a 1993, kuma tun daga 2001 marigayiya Farfesa Dora Akunyili ta ja daga da masu wannan fatauci, har aka kai mata harin bindiga a 2003. Sai dai hukuma ba za ta iya tsayawa a bakin kowane shago ba. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin muna saye don araha, ba za a daina kawowa ba. Ƙarancin albashi kan tura malami wajen mai tallan magani a faranti cikin rana, alhali araha ba ta ado.

'Yan'uwa, ga abin da ke hannunmu. Mu sayi magani a kantin da ke da rajista. Mu duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Idan kwalin yana da wurin kankarewa, mu kankare, mu tura lambar ta saƙon waya kafin a sha. Sannan mu ɗauki minti biyar a taron safe, mu riƙe kwali a hannu mu nuna wa ɗalibai yadda ake dubawa. A gidaje da yawa, ɗan firamaren nan shi ake aike kanti, kuma shi kaɗai ne ya iya karanta abin da ke jikin kwalin.

Allah ya kare mu da iyalanmu, ya sa mu sauke amanar da muka ɗauka.