Baƙon da Ya Zo Taimako

A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe aƙalla yara 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar MSF suka shigo Zamfara. Magani suka kawo, amma sai da suka koyi zama da mu: gaisuwa kafin magana, neman izinin mai gari, da sanin cewa namiji baƙo ba ya kutsawa gidan matan aure. A ganina, wannan koyon ya fi allura wuya.

Har yau ma'aikatan agaji na sauka Gusau, nesa da iyalansu. Mutanen unguwar Tudun Wada ta Gusau, in baƙo ya yi kuskure, ku gyara masa cikin mutunci, ku kuma kira shi cin tuwo.