Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya: Asalinta da Aikinta

 

Yau zancenmu a kan Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya ne, wadda a taƙaice a ke ce mata NLC. Kusan kowa ya taɓa jin sunanta a rediyo, amma yawanci sai ran da aka ce za a shiga yajin aiki. Sai a wayi gari an rufe makaranta, an kulle ofis, asibiti ba mai duba mutum. Wani ya ce madalla, wani ya yi tsaki. To, kafin mu yaba ko mu kushe, ya kamata mu san mafarin abin.

Haɗa kai a kan sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, wanzamai suna da Sarkin Aska. In wata magana ta taso, shi ke zuwa gaban hakimi a madadin kowa. Amma ku lura da abu guda. Maƙeri shi ke da uwar maƙerarsa, manomi shi ke da gonarsa. Ma'aikacin albashi kuwa ba shi da kome a wurin aikin sai ƙarfinsa da saninsa. Injin na wani ne, ginin na wani ne. In ya je shi kaɗai ya ce kuɗin da a ke biyansa ya yi kaɗan, sai a ce masa ga hanya nan, akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jira. Amma in mutum dubu suka faɗi haka da baki ɗaya, tilas a zauna a saurare su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan shi ne tushen ƙungiyar ma'aikata.

Aikin albashi ya yawaita ne da zuwan Turawa, sa'ad da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, aka buɗe ofisoshi, aka shiga haƙar kuza a Jos da kwal a Inugu. A 1912 ma'aikatan gwamnati suka kafa ƙungiyarsu a Ikko, watau Legas. A 1931 malaman makaranta suka kafa tasu. A 1938 Gwamnati ta yi doka, ta ce ƙungiyoyin ma'aikata su yi rajista a san da su. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ita ta fara karɓar takarda. Shugabanta wani mutum ne mai taurin zuciya, sunansa Michael Imoudu.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Kaya suka yi tsada, gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya, albashi kuwa yana nan inda ya ke. Ma'aikata suka ga ƙananan ƙungiyoyi barkatai ba su isa ba. A 1943 suka haɗu suka yi uwar ƙungiya ta farko. A wannan shekara kuma Gwamnati ta tsare Imoudu, ba ta sake shi ba sai 1945.

A watan Yuni na 1945 aka yi babban yajin aiki na farko a ƙasan nan. Ma'aikata sun nemi ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, aka hana su. Jirgin ƙasa ya tsaya cik, gidan waya ya yi shiru. Aka yi kwana 44 a haka. Daga baya aka naɗa kwamitin bincike, ya ce ma'aikata suna da gaskiya, aka yi musu ƙari a 1946. Daga nan talaka ya gane ashe Gwamnatin Turawa ma tana jin magana in an haɗa kai.

Amma ba kullum a ke kwana a gado ba. Ran 18 ga Nuwamba 1949, masu haƙar kwal a Inugu suna cikin rigima da masu kula da ma'adinin a kan haƙƙinsu, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka yi rauni. Labarin ya girgiza ƙasa, ya kuwa ƙara wa masu neman mulkin kai ƙarfi.

To, ga inda cutar ta ke. Da zarar an ci nasara, sai shugabanni su ɓata da juna. Waɗansu suka jingina da ƙungiyoyin duniya na ɓangaren Rasha, waɗansu da na ɓangaren Amurka da Ingila. Uwar ƙungiya ta tsage, aka ɗinke, ta sake tsagewa. Bayan samun mulkin kai a 1960, sun ajiye gaba na ɗan lokaci, suka yi yajin aiki na wajen mako biyu a watan Yuni na 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka sami ƙarin albashi. Ana gamawa kowa ya kama gabansa. Kafin 1974 akwai uwar ƙungiya har huɗu, da ƙananan ƙungiyoyi wajen dubu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai ba da aiki ya ji daɗi, ya shirya da wannan, ya kori wancan.

A 1974 wani shugaban ma'aikata ya rasu a Ikko. A wurin jana'izarsa, a maƙabartar Apena, shugabannin ɓangarorin nan huɗu suka yi alkawarin zama abu ɗaya. Suka cika alkawari a ƙarshen 1975. Gwamnatin soja ta lokacin ba ta amince ba. Ta sa aka yi bincike, ta hana shugabanni 11 sake riƙe ƙungiya, har da Imoudu. Sa'an nan ita da kanta ta tattara ƙananan ƙungiyoyin nan ta mai da su manya 42, ko wace sana'a da tata. A watan Fabrairu na 1978, a birnin Badun, aka ƙaddamar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya. Hassan Sunmonu shi ne shugabanta na farko, Aliyu Dangiwa kuma babban sakatare.

Yanzu bari mu ga yadda aka gina ta. Mutum ba ya shiga uwar ƙungiya kai tsaye. Malamin makarantar garinku yana cikin ƙungiyar malamai. Ma'aikacin asibiti yana cikin ta ma'aikatan lafiya. Akawun ƙaramar hukuma da direban tankar mai, kowa da tasa. Waɗannan ƙungiyoyi su ne 'ya'yan uwar ƙungiya. Ko wane wata a kan cire ɗan wani abu daga albashin ɗan ƙungiya, a kai wani kashi ga uwa. Babban ofishinta yana Abuja, tana da reshe a ko wace jiha. Duk shekara huɗu wakilai su kan taru su zaɓi shugabanni. A 2023 sun zaɓi Joe Ajaero, bayan Ayuba Wabba ya yi shekara takwas. Tun 2005 kuma doka ta ce shiga ƙungiya ganin dama ne, ta kuma yarda da wata uwar ƙungiya ta biyu, ta manyan ma'aikata, wadda a ke kira TUC.

To, mene ne aikinta? Na farko shi ne maganar albashi mafi ƙanƙanta, watau kuɗin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi a wata. A watan Mayu na 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ƙungiya ta yi yajin aiki, aka yanka Naira 125. A 2011 aka mai da shi Naira 18,000, a 2019 Naira 30,000, a 2024 Naira 70,000. Ba a taɓa yin wannan ƙari ba sai da aka kai ruwa rana.

Na biyu, tsare mutuncin ma'aikaci: kada a kore shi ba dalili, a biya shi a kan kari, in ya ji ciwo a bakin aiki a ba shi diyya, in ya tsufa a ba shi fansho. Hutun ranar ma'aikata ma, ran 1 ga Mayu, nema aka yi. Jihar Kano ta ba da shi a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, a 1981 ya game ƙasa duka.

Na uku, faɗa wa masu mulki gaskiya a kan abin da ya shafi kowa. Wannan shi ya fi jawo mata wahala. Gwamnatin Janar Babangida ta rushe shugabanninta a 1988, lokacin Ali Ciroma ke riƙe da ita. Gwamnatin Janar Abacha ta sake yin haka a 1994, bayan ma'aikatan mai sun yi yaji a kan zaɓen 12 ga Yuni 1993 da aka soke. Sakataren ƙungiyarsu, Frank Kokori, ya zauna a tsare har 1998. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, ƙungiya ta farfaɗo a hannun Adams Oshiomhole, wanda ya taso daga masaƙa a Kaduna. A watan Janairu na 2012 aka ɗaga kuɗin litar fetur daga Naira 65 zuwa wajen 140. Ƙungiyoyin ƙwadago da sauran jama'a suka tsai da ƙasa har mako guda, aka sauko da shi Naira 97.

Na san wani a cikinku zai ce, “Malam, ni manomi ne, ba na cin albashi. Ina ruwana?” Da ruwanka ƙwarai. In fetur ya hau, kuɗin motar da za ta kai masararka kasuwa ya hau, kuɗin injin ban ruwa ya hau. In malami ya yi wata uku ba albashi, ɗanka ne zai zauna a aji ba karatu. In ma'aikacin birni ba shi da kuɗi a aljihu, wa zai sayi wakenka da ragonka? Ɗanka da ya tafi birni neman aiki kuma, wa zai tsaya masa in aka cuce shi?

Amma kada in faɗa muku zaƙi in ɓoye ɗaci. Yajin aiki wuƙa ce mai kaifi biyu. Ran da aka rufe asibitin gwamnati, mai kuɗi ya tafi na kuɗi, talaka ne ke kwana da ciwonsa. Don haka doka ta ce a bi matakai. Da fari a zauna a yi shawara. In ta ƙi, Ma'aikatar Ƙwadago ta shiga tsakani. Akwai kuma kotu ta musamman domin rigingimun aiki. Yaji shi ne na ƙarshe, kuma sai an ba da sanarwa. Shugaban da ya fara da yaji, ko wanda ya janye shi ba tare da ya gaya wa mutanensa dalili ba, ya ci amana.

Har wa yau, yawan lamba ba shi ne yawan kuɗi ba. Naira 125 ta 1981 ta kai wajen dalar Amurka 200. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba, a ƙarshen shekarar kuwa ba ta sayen buhun shinkafa ɗaya a kasuwanni da yawa. Ashe ke nan ƙarin albashi kaɗai ba ya magani, in tsada ta fi shi gudu.

Abu na ƙarshe shi ne, inuwar ƙungiya ba ta rufe kowa ba. Dokar albashi mafi ƙanƙanta ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi ƙwadagon gona na damina ba. Ɗan dako, da mai noman kuɗi, da yarinyar da ke aikatau a gidan wani, da mai tura baro, yawancinsu ba su da mai yi musu magana. Su ne kuwa suka fi yawa a ƙasan nan. Masaƙun Kaduna da Kano da suka tara dubban 'yan ƙungiya a dā, galibinsu sun rufe. Wannan shi ne babban aikin da ke gaban ƙungiya, ta kai ga waɗanda aka bari a rana.

To, jama'a, ku dubi tarihin nan da kyau. A 1945, da 1964, da 1981, da 2012, ma'aikata sun yi magana da baki ɗaya, aka saurare su. Shekarun da suka rarrabu kuwa, ba wanda ya kula da su. Wannan darasi ba na masu albashi kaɗai ba ne. Mutum ɗaya da buhu biyu, ɗan kasuwa ke yanka masa farashi. Mutum hamsin da buhu ɗari, tare a ke yin ciniki. In kuna da ƙungiyar manoma, ko ta masu adashi, ko ta 'yan acaɓa, ku riƙe ta da kyau. Ku je taro, ku biya kuɗin ƙa'ida, ku zaɓi mai amana, ku kuma tambaye shi lissafi a gaban kowa. Ƙungiyar da 'ya'yanta ba su tambayar lissafi, ta shugabanni ce kaɗai.

Nan zan tsaya. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu tattauna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa guminmu albarka. Amin.