Kujerar Da Muke Zama A Kai Ita Ma Jari Ce

Jawabin kwamitin walwala a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Shugabar ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan uwa da suka taso daga Birchi, Rawayau, Barkiya, Tsauri da Wurma, da na nan cikin garin Kurfi, da mazajenmu da suka ba mu izni muka fito, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Ma'aji ta karanta mana lissafin kuɗi. Mu kuma lissafin jiki muka kawo, don akwai jarin da ba ya shiga littafi: baya, wuya, ido da yatsu. Ranar da mai ɗinki ta kasa zama kan keke, ranar ciniki ya tsaya, zubin adashi ya tsaya, bashin ƙungiya kuma yana nan yana jira. Lafiya uwar jiki, kuma uwar sana'a.

Idan ciwon baya ya taso, mukan ce sanyi ne, ko haihuwa, ko girma ya zo. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa yadda muke zaman aiki ne. Tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'a, ya kuma lura cewa teloli da masu ɗinkin takalma suna ranƙwafewa saboda dogon zama a duƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aikinsu. Ke nan ba mu kaɗai ba ne, ba kuma ragwanci ba ne.

To, me za mu gyara? Mu fara da mai keken ɗinki. Yawancinmu a kan benci muke zama, ko kujerar roba, ko duk abin da aka samu. Ga yadda za ki auna naki, 'yar uwa. Zauna, ki saki kafaɗunki, ki ɗora hannu kan teburin keke. Idan sai kin ɗaga kafaɗa, kujerar ta yi ƙasa, ki ƙara matashi. Idan sai kin sunkuya, ta yi sama, kafinta ya rage mata ƙafa. Abin da ake so, gwiwar hannu ta zo kusan daidai da bakin tebur. Ki matso da kujerar kusa, allura ta zama saitin tsakiyar jikinki, kada ki riƙa karkacewa. Kujerar ta zama mai jingina, ki naɗe zani ki sa a kwarin bayanki, daidai ƙugu. Wannan ba ya cin ko sisi.

Sai haske. Mai ɗinkin hula da mai saƙa, duhu ne ke jawo kanku ƙasa. Kan babban mutum ya kai kilo 5. Idan yana tsaye, wuya na ɗauke da shi cikin sauƙi. Da zarar ya sunkuya, nauyin da jijiyoyin wuya ke riƙewa ya ninka, kamar yadda bokitin ruwa ya fi wuyar riƙo idan kin miƙe hannu da shi. Saboda haka ki zauna kusa da taga ko inuwar tsakar gida, ki ɗora matashi a cinya don aikin ya taso wurinki. Wadda ta wuce shekara 40, ramin allura ya fara gagararta, ta je a auna mata ido. Tabarau ba abin kunya ba ne.

Masu tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai da murza taliya, ku kujera 'yar tsugunno ce abokiyar aikinku. Idan kayan aiki na ƙasa, ke kina sama, dole baya ya lanƙwashe wuni guda. A ɗaga injin taliya kan tebur mai ƙarfi daidai ƙugu. A sa bulo ƙarƙashin kwano ko tire. Wajen ɗaukar kaya kuma, mu tuna jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cif. Ki durƙusa da gwiwa, ki jawo ta jikinki, ki miƙe da ƙarfin ƙafa, kada ki juya ƙugu da kaya a hannu. In ta fi ƙarfinki, ki kira wata. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ba mu manta da sakatariya da masu POS ba, da 'ya'yanmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Allon kwamfuta ya yi nisan tsawon hannu daga fuska, samansa daidai da ido. In ya yi ƙasa, a tara littattafai ƙarƙashinsa. Tafin ƙafa ya zauna a ƙasa, wuyan hannu a miƙe lokacin bugu. Waya kuma a ɗaga ta zuwa fuska, a daina maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa. Duk minti 20 a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, ido ya huta.

Amma ko kujerar sarki aka ba ki, jiki ba ya son zama ɗaya. Duk rabin awa ki miƙe, ki taka, ki juya kafaɗa, ki buɗe yatsu. Mun san halin da ake ciki in Sallah ta gabato: ɗinki ya taru, masu kaya na sallama, a kwana kan keke. A irin wannan lokacin ne aka fi jin rauni. Gara a karɓi abin da za a iya.

Mu yi hattara da maganin kashe zafi na kyamis, irin su diclofenac da ibuprofen. Yawan shansu na iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, kuma mai juna biyu kada ta sha sai da iznin likita. Suna rufe bakin ciwo ne, ba sa gyara kujera. Idan kuwa ciwon ya sauko ƙafa da sagewa, ko yatsu na mutuwa har su tashe ki barci, ko ƙafa ta yi rauni, a nufi asibiti. In fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa, ranar nan za a tafi, ba gobe ba. Idan abin na ƙashi ne babba, likita na iya turawa Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Shawararmu ga shugabanni guda biyu ce. Ta farko, duk wadda za a ba rancen keke ko inji, a haɗa mata da kuɗin kujera mai jingina, a yi ciniki da kafinta ɗaya a dunƙule don farashi ya sauka. Ta biyu, kowace unguwa ta fitar da mata biyu su zagaya gidajen membobi su duba zaman aiki, musamman na 'yan matan da muke koya wa sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga iyayen gida kuma, roƙonmu ƙarami ne: in ta ce a kira kafinta, a kira. Kuɗinsa bai kai na asibiti ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maimaita mana.