Sulhu a Kan Kantar Littattafai

A Kanada an kwashe fiye da shekara ɗari ana raba yaran 'yan asalin ƙasar da iyayensu, ana kai su makarantun kwana na gwamnati da coci-coci, inda ake hana su magana da harsunansu. Yara kusan 150,000 abin ya shafa. A 2015 Hukumar Gaskiya da Sulhu ta fitar da shawarwari 94 don gyara ɓarnar.

To, ina ruwan ɗakin karatu da wannan? Ai yana ciki tsundum. Tsarin jera littattafai na laburaren majalisar dokokin Amurka, wanda galibin jami'o'in Kanada ke bi, yana cusa yawancin abin da ya shafi waɗannan al'ummomi a sashen tarihi, tamkar mutanen da suka riga suka shuɗe. A ganina wannan ma cin fuska ne.

Ɗakin karatu na Xwi7xwa, a Jami'ar British Columbia da ke Vancouver, ya kauce wa hakan. Ya ɗauki tsarin da Brian Deer, ɗan ƙabilar Mohawk ta 'yan asalin ƙasar, ya ƙirƙiro a shekarun 1970. Littattafan kowace al'umma suna ƙarƙashin sunan da take kiran kanta, a jere kusa da na maƙwabtanta na ƙasa da harshe.