Kwamfutar Ofishin Hakimi Da Halin Wutar Lantarki



Da can dukiyar ofishin hakimi littattafai ce: na haraji, na jangali, na haihuwa da mutuwa, da na shari'ar gonaki. Abokan gabarsu kuwa sanannu ne, gara da ɓera da yoyon damina, kowane magatakarda ya san maganinsu. Yanzu da yawa daga cikin wannan rubutu ya koma cikin kwamfuta, kamar takardun shaidar filaye, da sunayen dagatai da masu unguwa, da sharuɗɗan sulhu tsakanin manoma da makiyaya. Ita ma tana da nata abokin gaba, watau wutar lantarkin nan da ta ke aiki da ita. Kwamfuta in ta ƙone, kuɗi ke sayo wata. Amma iyakar gonar da aka rubuta shekara 10 da suka wuce, shaidu kuma sun rasu, in ta ɓace babu kasuwar da za a same ta. Saboda haka tsaron abin da ke cikin na'urar shi ne gaba da tsaron na'urar kanta.

Yadda ɓarnar ke aukuwa

Wutar da a ke kawowa gidaje da ofisoshi a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta cikin waya, kamar yadda ruwan famfo ke da ƙarfin turi cikin bututu. Ɓarna kan zo ta hanya uku.

Ta fari ita ce ɗaukewar wuta farat ɗaya. Kwamfuta tana da ma'aji biyu. Ɗaya ƙwaƙwalwar aiki ce, wadda ke riƙe abin da malami ke bugawa a lokacin, da wuta ta yanke sai ta manta kome. Ɗayan shi ne faifan ajiya, inda rubutu ke zama ko an kashe na'ura. Faifai irin na da juyawa ya ke yi, sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, irin na yanzu kuwa ba ya motsi. Amma dukansu in wuta ta yanke suna tsakiyar rubutu, sai takarda ta zauna rabi da rabi, wani lokaci har jadawalin da ke nuna inda kowace takarda ta ke ya rikice.

Ta biyu ita ce raunin wuta, sa'ad da ƙwan lantarki ya yi ja, fanka tana juyi da ƙyar. A nan akwatin da ke rarraba wuta cikin kwamfuta ya kan wahala, ya yi zafi, na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta.

Ta uku, wadda ta fi su duka muni, ita ce hauhawar wuta. Ta kan zo a daidai lokacin da aka maido da wuta, ko sa'ad da tsawa ta faɗa kusa da layi a damina, ko kuwa lokacin da a ke ta da janareta da lokacin da mansa ke ƙarewa. Akwai kuma wani dalili da mutane ba su cika sani ba. Wayoyi 4 ne ke fitowa daga taransifoma, 3 na ɗauke da wuta, ta huɗun ita ce hanyar komawarta. Tsakanin biyu daga cikin ukun nan akwai kimanin bolt 400. In ta huɗun ta tsinke ko ta kwance, sai wasu gidaje su sami wutar da ta doshi 400, wasu kuma ta yi musu rauni. Alamarsa ita ce a ga ƙwai yana haske fiye da ƙima a wannan gida, maƙwabci kuwa nasa ya dushe. In an ga haka, sai a kashe babban makunni nan da nan, a aika wa kamfanin rarraba wuta na yankin, gama tun daga 2013 aka fara miƙa wannan aiki ga kamfanoni 11, ko da ya ke har yau jama'a NEPA su ke cewa.

To, ashe ke nan ɗaukewar wuta rubutu ta kan taɓa, dawowarta kuwa jikin na'ura ta kan ƙona. Malamin da ya gane wannan, da an ɗauke wuta zai zare filogi daga bango, ba kuwa zai mayar ba sai wuta ta dawo ta yi kamar minti 5 tana zaune daidai.

In an wayi gari ta ƙi tashi

Sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne, gaggawa ce ke mai da shi babba. Sai a bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, daga bango zuwa na'ura.

Da fari a shinshina. In an ji ƙauri, ko aka ga baƙin tabo a soket, a zare filogi, kada a sake kunnawa ko sau ɗaya, wannan aikin mai gyara ne.

In babu ƙauri, a gwada soket ɗin da fitila ko cajar waya, a tabbata akwai wuta a ciki. Daga nan a duba fis da ke cikin filogi mai ƙafa 3. Aikinsa shi ne ya ƙone domin na'ura ta tsira. In ya ƙone a sa sabo mai lamba irin tasa, lambar kuwa ba ta wuce amfiya 13. Masu ɗaura silin waya ko takardar azurfa a madadinsa sun cire mai gadi ne daga bakin ƙofa. In an sa sabo ya sake ƙonewa nan take, ciwon yana ciki, sai a tsaya.

Bayan wannan a zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 domin sauran wutar da ta maƙale ta zube. A cire firinta da filash da duk abin da aka jona, a bar allo da madannai kaɗai, sa'an nan a mayar da waya a kunna. Kwamfutar teburi ta kan zo da wani ɗan makunni a bayanta, a duba ko yana kunne. In ta cinya ce, a fara zargin caja, a aro wata irinta daidai a gwada, domin ita ce ke fara karɓar dukan wuta.

In fanka ta juya amma allo ya zauna baƙi, a duba ko allon kansa na samun wuta, a kuma matse wayar da ta haɗa su. In na'ura ta yi ƙara ɗiɗ-ɗiɗ, a ƙidaya sau nawa, a rubuta, gama da shi mai gyara zai gane sashen da ya sami rauni. In kuma ta tashi tana nuna kwanan wata na wata shekara dabam, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, mai bolt 3, ya ƙare, kuɗinsa kaɗan ne.

In Windows ta tashi ta ce tana duba faifai ko tana gyara kanta, a ƙyale ta ta gama, ko za ta ɗauki sa'a guda. Kashe ta a wannan hali ƙara ciwo ne a kan ciwo. Amma in aka ji faifai yana ƙwas-ƙwas a kai a kai, a kashe nan da nan, domin kowane juyi da ya ƙara yana iya cinye wani rubutu.

Abu guda an hana shi ƙwarai: kada kowa ya kwance akwatin rarraba wuta na cikin kwamfuta. Yana riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare filogi.

Abin da za a faɗa wa mai gyara

Lalle magatakarda ya raka na'urar da kansa, ya kuma fara da cewa, kada a goge kome sai an kwafe takardun ofis. Wasu masu gyara hanyar da ta fi musu sauƙi ita ce su share faifai su ɗora sabuwar Windows, na'ura ta dawo garau, aikin shekaru kuwa ya tafi. Alhali sau da yawa ko kwamfuta ta ƙone ƙurmus faifanta na nan lafiya, ana iya cire shi a karanta a wata. Sababbin kwamfutoci kuma su kan kulle faifansu da tsarin BitLocker, wanda mabuɗinsa lambobi 48 ne. A nemi wanda ya sani ya fitar da su tun na'ura na lafiya, a rubuta a takarda, a ajiye wurin hakimi.

Kayan tsaro

Iri uku ne, kowane da aikinsa. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi rauni ko ta ɗan yi yawa, amma ba ta da saurin tare tsawa. Soket mai tare hauhawa ya kan karkatar da rarar wuta, sai dai ba ya cika aikinsa in ginin ba shi da wayar ƙasa mai kyau, watau mai launin kore da rawaya, kuma yana tsufa da kowane dukan da ya sha. Na ukun shi ne akwatin batir da 'yan kasuwa ke kira yu-fi-es, wanda ke riƙe kwamfuta 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta. Mintocin nan na adana aiki ne a kashe na'ura bisa ƙa'ida, ba na ci gaba da bugu ba. Batirinsa ya kan gaji cikin 'yan shekaru, zafi kuma na gaggauta gajiyarsa, don haka a riƙa gwada shi. Kada a jona masa babbar firinta mai zafi, ta fi ƙarfinsa. In hadari ya taso da walƙiya, babu tsaron da ya kai zare filogi, har da wayar intanet, don tsawa na bi ta cikinta. Janareta kuma a bar shi ya daidaita kafin a juya masa kayan ofis, a kuma kashe kwamfuta kafin a kashe shi.

Abin da ke wuyan hakimi

Rigakafi ya fi magani. Ya kamata kowace takarda mai muhimmanci ta kasance a wuri 3: cikin kwamfuta, da cikin filash ko faifan waje, da kuma bugagge a takarda, da sa hannu da hatimi. Kwafi ɗaya ya kwana a wani gini dabam. Faifan kwafi kada a bar shi jone, in ba haka ba wutar da ta ci uwa za ta haɗa da ɗa. Yana da kyau hakimi ya sa rana guda a mako, kamar Alhamis kafin a tashi, malami ya kwafe aikin makon, ya buɗe takarda ɗaya daga cikin kwafin a gabansa domin a tabbata tana karantuwa, a kuma rubuta kwanan wata a littafi. Malami kuma ya saba wa yatsunsa da danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi.

Talakan da ya kawo takardar gonarsa ofis ya ba da amana ne, ranar da rigima ta tashi kuwa wurin hakimi zai zo nemanta. Allah ya ba da ikon riƙe amana, amin.