Soja da Bindigarsa: Daga Dajin Bama Zuwa Taminus

 

Ina yaro, in aka aike ni Taminus a nan Jos, nakan tsaya wurin wani dattijo mai gadi a bakin wani kanti kan titin Ahmadu Bello. Baba Soja muke ce masa. Bai san shekarunsa ba, amma lambar da aka buga jikin bindigarsa ta yaƙin Bama tana bakinsa kamar sunan ɗan fari. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, shi ne kuma ya kawo ni gabanku yau.

Filato ta biya wannan yaƙi ta hanya biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai ta juyo kanmu, aka kwaso dubban talakawa aikin tilas a ramukan kuza. A daidai lokacin ake ɗibar samari aikin soja, ana koya musu fareti da Hausar bariki. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, ta 82 ta biyo baya, suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Abin da ke kafaɗarsu Lee-Enfield ce mai harsashin .303, dangin wadda muka taso muna kira mak-fo a hannun 'yan sanda.

Harsashi goma take ci. Kowane harbi sai ka ja ƙarfe da hannu, kwanso ya fita, ka tura wani, sannan ka taɓa kunama. Yaron yau zai ce ai wannan ɓata lokaci ne. Su kuwa tsofaffin abin da ya sa suke ƙaunarta ke nan. A dajin da ruwa ba ya ɗaukewa, laka har gwiwa, tsatsa na cin ƙarfe cikin kwana ɗaya, bindigar da ba ta da tarkace da yawa ita ce ba ta cijewa. Ga shi abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo wa Runduna ta 81, don haka mutum ya san adadin abin da ke jakarsa, ba ya harbi sai ya yi saiti. Baba Soja kan ƙara da cewa rabin aikin ma adda ce ta yi shi, domin da ita suka sare hanya.

'Yan yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, nasu zancen daban ne, don sun riƙe iri-iri. Masana'antar makamai ta Kaduna, da aka kafa a 1964, ba ta wadatar ba, aka yi ta sayowa daga waje. Ku zauna da su ku ji musu. Mai son FN ta Beljiyam zai ce maka tana cin nesa, harsashinta ashirin kuma kowanne na da nauyi, sai ɗan'uwansa ya katse shi: doguwa ce, ga nauyi, ga son tsabta, yashi kaɗan ya shige ta sai ta juya maka baya. Mai G3 ta Jamus zai yabi ƙwarinta, ya kuma nuna maka kafaɗar da ta sha duka. Waɗanda suka je Laberiya a 1990, da Saliyo inda Maxwell Khobe ya yi suna, wanda barikin Rukuba ke ɗauke da sunansa, yawancin da na zanta da su AK-47 suke zaɓa: gajera, harsashi talatin, ta faɗa taɓo a ɗauko ta tashi.

Na saurari wannan musu shekara da shekaru, ban taɓa jin tsohon soja ɗaya ya yabi bindiga don yawan waɗanda ta kashe ba. In zance ya kai nan, shiru suke yi. Amana suke yabo: ranar da rai ke hannunta, ta tashi ko ta cije? Amanar kuma ba ta zuwa kyauta. Ka kwance ta, ka goge, ka sa mai kafin ka ci abinci. Ka sa hannu ka karɓa, ka sa hannu ka mayar ma'ajiya, ka ba da lissafin kowane harsashi. Shi ya sa lamba ta zauna a kan Baba Soja, domin in bindigar ta ɓata shi za a tuhuma.

To, ku dubi halin da muke ciki tun rikicin Jos na Satumban 2001. Irin wannan AK-47 ɗin tana yawo a ƙauyukanmu, a hannun wanda bai yi fareti ba, ba wanda ya rubuta sunansa, ba mai tambayarsa ina harsashi ya tafi. Yaranmu hotonta suke sha'awa a waya, waɗanda suka san nauyinta kuwa suna layin fansho, ba mai tambayarsu komai.

'Yan Bama sun kusa ƙarewa, 'yan basasa sun haura saba'in. Ina roƙon ɗaliban tarihi na Jami'ar Jos da ke zaune a nan: kada ku jira 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni a watse. Ku bi su gida da na'urar ɗaukar murya, ku gaishe su da ladabi, ku rubuta abin da suka faɗa da harshen da suka faɗe shi. Shugabannin makarantu kuma ku gayyace su su yi wa yaranmu magana tun suna raye.

 Allah Ya ba mu zaman lafiya a Filato.